Tsakuwar Gimbiya Dela

A can wani zamani mai tsawo, wanda nisansa ya gajiyar da masu lissafin kaka da kakanni, an yi wata ƙasa a bayan Tekun Gishiri ana ce da ita Sarmadu, mai koguna bakwai, kowane kogi da launin tsakuwarsa. Abin da ya raba ta da maƙwabtanta shi ne ba a gadon sarauta a cikinta. Duk bayan damina biyar, kafin saukar ruwan farko, sai a girke manyan randuna a dandalin birni, kowane mai neman sarauta da tasa, sannan duk wani baligi, mace ko namiji, ya zo da tsakuwa guda daga kogin garinsu ya jefa a randar wanda ransa ya kwanta da shi. Wanda tsakuwarsa ta fi yawa shi ne sarki, da sharaɗin a sami launi biyar cikin bakwai a randarsa, don kada mutanen kogi guda su ɗauko ɗan garinsu su ɗora wa sauran. Kuma komai kyan mulkin mutum, sau biyu ake zaɓensa, ba a yi na uku.

Randunan nan da yumɓun Kogon Ƙirmau ake gina su, kogon wani tsohon aljani da ya ƙulla alkawari da kakannin ƙasar, shi ya sa in mutum ya jefa tsakuwa ta biyu, ko aka tilasta masa jefawa, randar tofo ta take yi waje. Aljanin ne kuma ya ba su kayan mulki uku. Akwai Takobi, wanda duk mai sanye da sulken ƙasa ba ya iya saɓa wa mai riƙe da shi. Akwai Hatimi, wanda sai an buga shi dokar da majalisar dattawa ta tsara take zama doka, da shi kuma ake naɗa waziri da alƙalai idan majalisa ta amince. Sai Farar Sanda, wadda in sarki ya taɓa mai laifi da ita ya kuɓuta, ko da an riga an wasa masa wuƙa. Dukkansu aro ne. Da zarar mutum na ƙarshe ya jefa tsakuwarsa, sai su bar hannun tsohon sarki su koma na sabo.

A zamanin da muke magana Sarki Bagudu ke kan gado. Asalinsa maharbi ne, kuma a zaɓensa na farko ya yi adalcin da har yau ba a musa ba. Amma da damina ta goma ta wuce, ya ga saura 'yan watanni ya koma rataya kwari da baka kamar kowa, sai abinci ya daina yi masa daɗi, ya rame, ya riƙa shafa Hatimi kamar mai lallashin jariri. Yana da wani matsafi mai suna Burgami, mutumin da bai taɓa ba da shawarar da ta ƙare lafiya ba.

Burgami ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki, kakanni sun bar ƙofa a buɗe ba su sani ba. Kayan mulki ba sa barin hannu sai an cika randuna. Idan ruwan farko ya sauka ba a cika su ba, sun zauna a hannunka har mutuwa. To, in babu randa me za a cika? In babu magini wa zai gina wata?”

Sarki ya bari sai da jama'ar koguna bakwai suka hallara a birni, kowa da tsakuwarsa ƙulle a haɓar zane ko a aljihu, saura kwana tara a yi zaɓe. Da hantsi ya fito dandali ya zare Takobi, ya umarci runduna ta farfasa randunan. Aka jawo magina arba'in, tare da shugabansu Mantau, aka durƙusar da su a kan tsingaron, aka fille kawunansu ɗaya bayan ɗaya har jini ya bi kwata ya shiga kasuwar hatsi. Dattawan majalisa da suka ce wannan ba ya cikin ikon sarki, aka hau da su kan ganuwa aka wurgo su ƙasa. Masu neman sarauta uku kuwa aka sa su a mari. Mayaƙan suna sara suna kuka, domin hannuwansu ba nasu ba ne.

Barde ɗaya ne ya tsira daga wannan abin kunya, wani jarumi mai suna Tunau, wanda ya tsinke maɗaurin sulkensa ya yar kafin umarni ya iso kansa. Ya ce, “Allah ya ba ka nasara, an ba ka Takobi don ka tsare masu tsakuwa ne, ba don ka yanka su ba.” Sarki ya juyo kansa. Ya kai masa sara ya datse hannunsa na hagu daga gwiwa, aka jefa shi rami tare da gawawwakin.

Sai dai Sarki da matsafinsa maza kaɗai suka ƙirga, don a tunaninsu gini sana'ar maza ce. Sun manta Sarki yana da 'ya, Gimbiya Dela, wadda mahaifiyarta marigayiya ƙanwar Mantau ce, kuma tun tana ƙarama, ubanta na daji yana farauta, a gindin kawunta ta tashi tana cuɗa yumɓu. Wa zai tuna gimbiya mai lalle ta taɓa taɓo?

Da azahar Dela ta tafi ramin neman gawar kawunta. Ta same shi, kai a gefe, jiki a gefe, har yanzu da busasshen yumɓu a ƙarƙashin farcensa. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Tana cikin haka ta ji nishi, ta tone gawawwaki ta zaƙulo Tunau da sauran numfashi, ta yage mayafinta ta ɗaure dungulmin. Da ya farfaɗo ta ce, “Barde, na iya gini. Ka san hanyar Kogon Ƙirmau?”

Ya ce, “Na sani, ranki ya daɗe. Hannu ɗaya ya rage mini, kuma naki ne.”

Kwana uku suna tafiya cikin duwatsu masu yankan ƙafa. A rana ta uku, rana na tsaka, sai inuwa ta rufe su. Burgami ne ya gano su a cikin ƙwaryar tsafinsa, ya rikiɗe ya zama mikiya mai girman rumbu, ya sauko da farata kamar lauje. Ya fizgi naman kafaɗar Dela ya tashi, ya sake dawowa. Tunau ya tsaya a gabanta ya miƙa dungulmin hannunsa, mikiyar ta cafke shi, shi kuwa ya luma mata mashi a maƙogwaro ya murɗa har tsinin ya fito ta ƙeya. Ta faɗo tana shure-shure, fukafukan suka zube, sai ga ɗan tsohon nan tsirara, bakinsa cike da baƙin jini. Ba wanda ya tsaya binne shi.

Aljani Ƙirmau yana zaune a bakin kogonsa, kansa na gogar rufin dutse, gemunsa fari ya bazu a ƙasa. Ya dube su da ido ɗaya mai kama da bakin murhu, ya ce, “Ya ke 'yar Bagudu, na san abin da ya kawo ki. Yumɓu iri biyu gare ni. Ga ja, wanda in kin gina randa da shi, duk tsakuwar da ta faɗa za ta koma inda kike so, ki naɗa kanki ko wannan jarumi, ki kuma tsare ran ubanki. Ga baƙi, na alkawari, wanda ba ya jin maganar kowa. Amma ki sani, wanda ya gina da shi ba ya sarauta har abada, shi da abokin aurensa da 'ya'yansa. Ki kuma sani, Takobin da ya sha jinin masu tsakuwa ba ya barin hannu salin alin. In ubanki bai ajiye shi da kansa ba kafin tsakuwar ƙarshe ta faɗa, da ransa zai tafi.”

Dela tana son ubanta. Shi ya koya mata gane sawun barewa, shi ya goya ta ranar da uwarta ta rasu. Ta dubi jan yumɓu, sannan ta tuna farcen kawunta. Ta ce, “Ya shugaban kogo, in na ɗauki ja, na zama ubana ke nan da wata fuska. Ba ni baƙin. Zan roƙe shi, wataƙila ya ji.”

Yini biyar tana gini, jinin kafaɗarta na ɗiga cikin yumɓun. Ta gina randuna uku, ta zana wa kowace alamar mai ita: ƙoshiyar saƙa, da filafilin jirgi, da lauje. Aljanin ya hura musu numfashi sau ɗaya suka gasu, ya ɗauki Dela da Tunau da randunan a tafin hannunsa ya dire a dandalin Sarmadu da safiyar rana ta tara, daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Labari ya zaga birni kafin a ce me. Mutanen koguna bakwai suka fito, suna kwance haɓar zane. Sarki Bagudu ya fito a fusace, Takobi a zare, ya ce wa runduna, “Duk wanda ya kusanci randa, ku sare shi!” Aka fara. Wata tsohuwa ce ta fara isa, mashi ya shiga bayanta ya fito ta ƙirji, amma sai da ta saki tsakuwarta ta ji ta ce ƙwal a gindin randa sannan ta faɗi. Na bayanta ya tsallake ta ya jefa tasa. Aka sare shi, wani ya tsallake. Ban san wata rana da aka zubar da jini a ƙasar nan kamar wannan ba, ban kuma san wata rana da mutanenta suka fi daraja ba.

Sai aka lura da wani abu. Duk tsakuwar da ta faɗa, sai Takobi ya ƙara nauyi a hannun Sarki, sai kuma maɗaurin sulken wani mayaƙi ya tsinke, ya yar da makami ya durƙusa yana kuka, daga nan ya lalubo tasa tsakuwar ya shiga layi. Kafin la'asar babu sauran mai sulke a dandalin. Aka kwance masu neman sarauta daga mari, su ma suka jefa. Sarki ya rage shi kaɗai, yana jan Takobi da hannu biyu, tsininsa na tsaga ƙasa, yana nufar randunan don ya fasa. Iskar ruwa ta taso. Saura tsakuwa ɗaya tak, tana hannun Dela.

Ta tsaya tsakaninsa da randunan, ta ce, “Allah ya taimaki Sarki, wa'adi ya cika.” Sannan ta ce, “Baba, don Allah ka ajiye shi. Ka sake shi kawai ya faɗi. In ka ajiye za ka rayu, ni zan bi ka daji in riƙa dafa maka abin da ka harbo. Baba, kada ka sa ni in yi wannan.”

Ya dube ta, idanunsa jajur, ya ce, “Dela, ke ce kika gina su? Da hannun da na riƙe na koya miki tafiya?” Ya ɗaga kai ya dubi hadarin. “Kauce, 'yata. Ɗigo ɗaya nake jira.”

Ya tattara ƙarfinsa duka ya ɗaga Takobi sama da kansa. Dela ta rufe ido ta buɗe hannu. Tsakuwar ta faɗa. Nan take Takobin ya yi nauyin dutse, ya karya hannuwan Sarki biyu, ya sauko ta tsakiyar kansa ya raba shi har ƙirji. Sannan ruwan farko ya sauko, ya tarar an gama.

Aka juye randunan a gaban kowa. Ta ƙoshiya ce ta fi yawa, da launi shida a cikinta, saboda haka Nomau masaƙi ya zama sarki, kayan mulki uku suka tashi da kansu suka sauka a gabansa. Jama'a suka yi ca, suna cewa a jefa gawar Bagudu wa kuraye. Dela ta zo ta durƙusa cikin ruwa da jini, ta ce, “Allah ya ja zamanin Sarki, na kashe ubana da hannuna. Ko ka sa a kashe ni, ko ka taɓa ni da Farar Sanda.”

Sarki Nomau ya ce, “Ya ke Dela, Sandar nan ta masu laifi ce, ba ta da aiki a kanki.” Ya taka ya je ya ɗora ta a kan gawar Bagudu. “Wannan shi ne ikona na farko, kuma na yi shi dominki. Ku ba ta ubanta ta binne shi kamar kowane maharbi.”

Aka binne matattu, aka zaɓi sababbin dattawa, doka ta farko da Hatimi ya hau kanta ita ce a koya wa mata da maza gini a kowane kogi, don kada a sake ƙare magina a yini guda. Da kaka ta yi, manyan gari suka je wa Tunau da maganar ya shirya tsayawa a zaɓe mai zuwa, don babu wanda zai ja da shi. Ya ce ya gode, amma ya riga ya nemi auren Dela, ya kuma san sharaɗin aljani sarai. Aka ɗaura aure, aka yi kwana bakwai ana biki, amarya ta shiga ɗakinta da tukwanen da ta gina da hannunta.

Ana cewa har ta tsufa ba ta ƙara son ƙamshin ruwan farko ba. Amma duk bayan damina biyar, tun kafin a aiko, za a gan ta ta naɗe hannun riga tana cuɗa baƙin yumɓu, mijinta na zuba mata ruwa da hannunsa ɗaya. Da wa'adin Sarki Nomau na biyu ya cika, shi da kansa ya ɗauko mata tulun farko a ka.