Ɗan'azumi da Ƙofar Kanti

A zamanin Nasara an yi wani mutum a Dogon Dutsi mai suna Ɗan'azumi, ma'aunin gujiya a kantin wani Bature. Ba mugu ba ne, amma girman kai ya yi masa katutu. Tun da ya sa wandon kaki ya fara riƙe sikeli, sai ya ɗauki manoma 'yan uwansa ba a bakin komai ba.

Sai kasuwa ta faɗi. Gujiya ta rasa mai saye, Bature ya garƙame kanti ya yi gaba. 'Yan dako, masu ɗinkin buhu, masu jakai, duk aka wayi gari ba aikin yi. Gidaje da yawa hayaƙi ya daina tashi. Wasu suka koma ƙauye, wasu suka tsallaka Birnin Kebbi ci-rani. Shi kuwa gogan naka kullum sai ya sa kakinsa, ya je ya zauna a ƙofar kanti, wai yana jiran a buɗe.

Yana da gona a Dogon Kiriya, wadda mahaifinsa ya bar masa. Gonar aro ce, kuma al'adar wurin a fili take: in damina ta wuce ba ka zuba iri ba, mai ƙasa ya karɓe abinsa. Da hadari ya fara haɗuwa, matarsa Fati ta tare shi.

Ta ce, "Malam, tashi mu tahi gida. Mutane sun hwara binne iri."

Ya ce, "Ni? Hannun da ya riƙe sikeli shi koma riƙon hauya? Bature na dawowa."

Ta ce, "In ya dawo ka gaishe shi. Ni dai ɗiyana ba su mutuwa da yunwa bakin ƙohwar da ba ta san da su ba!"

Kai, Fati mace ce! Ta goya ƙaramin, ta ja babbar, ta ɗora ƙwaryar iri a ka, ta kama hanya a ƙasa. Da ta isa ta roƙi a bar ta ta shuka gonar mijinta, dattawa suka ce aro na namiji ne, sai shi ya fara saran farko da hannunsa. Ta aika masa, ya yi kunnen uwar shegu. Ba ta tsaya kuka ba, ta duƙufa a 'yar gamanarta, ɗan filin da ake yanka wa mace.

Ana nan sai kumandan, Baturen mulkin yankin, ya buƙaci mutanen aikin tilas na gyaran hanya. 'Yan gardi, dogaran kumandan, suka zaga gari, maza duk suna gona. Wa suka tarar? Ɗan'azumi, zaune a ƙofar kanti, ya harɗe ƙafa.

Ya ce, "Ni ma'aikacin Bature ne!"

Suka ce, "Madalla, ga wani aikin Bature nan."

Suka ɗora masa diga. Ya yi damina cur yana fasa dutse, kakin ya zama tsumma, hannun sikeli ya yi kanta.

Bayan girbi aka sallame shi. Ya ja ƙafa har Dogon Kiriya, ya tarar da wani mai suna Sama'ila yana ɗaure dammunan hatsi a gonar mahaifinsa. Mai ƙasa ya riga ya ba shi. Ɗan'azumi ya tsaya bakin iyaka, hawaye na zuba.

Fati ta zuba masa tuwon hatsin gamanarta. Da ya ci ya ƙoshi, ta ajiye hauya a gabansa.

Ta ce, "Sama'ila na neman ɗan ƙodago. Ka san gonar ai."

Darasi: Rashin aiki masifa ce da ke faɗa wa kowa, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka raina aikin da ke gabanka, kana gadin ƙofar da aka rufe maka. Wanda ya ƙi sunkuyawa a gonarsa da ra'ayinsa, wata rana zai sunkuya a cikinta yana yi wa wani noma.