Dalilin da Ya Sa Makwafan Littattafan Silabawa Ke Roƙon Kada a Tsine Musu

In kuka buɗe tsofaffin littattafan addu'a na Silabawa, mutanen ƙasashen sanyi irin su Sabiya da Bulgeriya, za ku ga a shafin ƙarshe marubucin ya ce: "Inda na yi kuskure ku gyara, kada ku tsine mini." Ga dalilin, yara, yadda aka ba ni. Ban ce ina wurin ba.

A da ba a roƙon nan. Doka ce a gidajen 'yan zuhudu, Kiristoci masu keɓe kansu don ibada, cewa wanda ya ƙara ko kalma ɗaya a littafi mai tsarki, a tsine masa a coci, a kore shi. Kora cikin ƙanƙara kuwa ba ta cika barin mutum ya yi dogon tunani a kan laifinsa ba.

A wani gida a kan dutse akwai wani makwafi, wato mai kwafar littattafai da hannu, Dragan. Hannunsa ya fi na kowa kyau, har tsuntsaye yakan zana a jikin manyan haruffa. Sai dai idonsa ne kawai ke karatu, kansa yana hutawa. Shugaban gidan, Uba Nikodim, ya ba shi wata tsohuwar Zabura ya kwafa. To, makwafa suna da al'ada: in aiki ya ishe su, sai su rubuta ƙorafinsu da ƙananan haruffa a gefen shafi. Dragan ya tarar da irin wannan, ya ɗauka layi ne da aka manta, ya mai da shi cikin addu'a, ya ƙawata shi da jar tawada.

Ranar idi coci ya cika. Ɗan'uwa Milosh, mai karanta wa jama'a, ya ɗaga murya yana rerawa: "Ya Ubangiji, ka ji kukana. Miyar yau ruwa ce zalla, shugaba kuwa ya cinye kifin shi kaɗai."

Wasu suka ce amin, saboda sabo.

Aka gurfanar da Dragan.

"Ɗana," in ji Uba Nikodim, "ka san hukuncin ƙari?"

"Na sani, Uba. Amma ban ƙara ba. Abin da na gani na kwafa."

"Kai ko ƙuda ka gani a shafi kwafa shi za ka yi!" in ji Milosh.

"Kai kuma ka rera shi," in ji Dragan.

Shugaba ya ce a kawo tsohon littafin, domin tsinuwa ta sauka a kan ainihin mai ita. Aka kawo. Ya duba gefen shafin. Ya daɗe yana dubawa, fiye da yadda layi ɗaya ke bukata. Rubutun wani saurayi ne da ya yi aikin kwafi a gidan shekaru masu yawa da suka wuce, kafin gemunsa ya yi fari a ba shi shugabanci.

Ya rufe littafin, ya ɗora gwiwar hannu a kai.

"Na yi nazari," ya ce. "Tsinuwa abu ne mai nauyi, ba a san inda za ta faɗa ba. Daga yau kowane makwafi ya nemi gafara a ƙarshen aikinsa, mai karatu ya yafe."

Kowa ya yaba tausayinsa. Bai musa ba.

Shi ya sa har yau littattafan nan ke ƙarewa da ban haƙuri. Ita miyar, ban ji an ce ta gyaru ba.