Gurbin Dami Ɗaya a Rumbun Iri

A Matameye, zamanin da ayarin fatake ke ratsa garin zuwa Damagaram, an yi wani shehun malami, masani, mai tsantseni da tsoron Allah, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ko a wajen karatu. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Shekarar da fara ta cinye gonaki, mutanen unguwa suka tara ɗan geron da ya tsira a rumbun Malam, domin ya zama irin shuka idan damina ta kewayo. Al'adarsu ita ce a liƙe bakin rumbu da laka, a ɗora amanar a kan mutum biyu. Malam ya zaɓi Muntaka, babban ɗalibinsa, magidanci mai iyali, da Illa maƙeri.

Muntaka ya ce, "Allah gafarta Malam, a bar Illa ya ji da maƙerarsa. Shekara ashirin ina gabanka. Ko kowa ya ci amana, ban da ni."

Malam ya dube shi jim kaɗan, ya ce, "To. Allah Ya tsare mu daga kawunanmu."

Muntaka ya daɗe yana juya wannan addu'a a ransa, bai gane da wa ake ba.

Da bazara ta tsananta, ya fasa lakar don ya duba ko gara ta shiga, ya sauko da dami ɗaya, yana gaya wa kansa ladan tsaro ne, mutum irinsa ba ya sata. Daga baya 'yarsa A'ishatu ta kwanta saboda yunwa, sai ya koma, ya sake komawa, amma yanzu ya san abin da yake yi, yana ɗauka yana hawaye yana istigfari, har rumbu ya kusa rabi.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, mutane suka taru da kwanduna. Muntaka ya durƙusa gaban Malam, ya faɗi komai, bai rage ba.

Malam ya ce, "Je ka buɗe, jama'a na jira."

Muntaka ya hau, ya leƙa, sai ya tarar da rumbu cike har baki, in ban da gurbin dami ɗaya. Ya sa hannu ya shafa gurbin, ya sake shafawa. Kowa ya sami irinsa, aka watse gona.

Muntaka ya kasa haƙuri, ya koma ya tambaya, "Malam, Wanda Ya mayar da sauran, me ya sa Ya bar wannan?"

Malam ya ce, "Sauran mai yunwa ne ya ɗauka, ya san kansa. Wannan kuwa wanda ba ya cin amana ne ya ɗauka. Shi zai mayar."

Da kaka ta yi, Muntaka ya ɗauko damin farko na gonarsa a ka, ya cike gurbin. Da aka sake ba shi amanar, da ƙafarsa ya je maƙera ya kira Illa.

Tsarki ya tabbata ga Allah Mai suturta bayinSa. Ya ƙara wa Malam daraja, Ya ba mu albarkarsa, Ya tsare mu daga kawunanmu. Amin.