Askin Waziri

A wani zamani mai nisa, bayan an gama wani yaƙi da ya ci maza da yawa, Sarkin wata ƙasa ya yi shela cewa duk mayaƙin da rauni ya hana shi neman abinci, a riƙa ciyar da gidansa daga rumbun fada. Ya ɗora wa Waziri tantance su. Waziri kuwa, don gudun maƙaryata, ya kafa sharaɗi: sai wanda ya rasa hannu, ko ƙafa, ko ido.

Cikin waɗanda suka dawo akwai Tunau, wanzami ne kafin a kira shi yaƙi. An buge shi da kulki a ƙeya, ya farfaɗo da gaɓoɓinsa cikakku, amma hannuwansa ba su daina rawa ba, in ya sunkuya kuma jiri ya kayar da shi. Waziri ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ƙato kamarka? Tafi ka yi aiki."

Tunau ya koma ya ɗauki aska, ya tsage kunnen mutumin farko da ya zauna gabansa. Ya je ƙwadago, aka tsince shi kwance tsakanin kunyoyi. Ya yi dako, ya faɗi da tulun man wata mata. Daga nan ba wanda ya ƙara kiransa. Matarsa Delu ta sayar da akuyarta, ta sayar da tasoshinta, har suka koma dafa wa yara tafasa ba gishiri.

Ranar da ƙaramar 'yarsu ta daina kukan yunwa, ta kwanta shiru, Delu ta ce, "Maigida, ka je wurin Sarki da kanka."

"Waziri ya riga ya yanke. Wa nake da shi a fada?"

"To, ka zauna mu binne ta."

Tunau ya tashi. Dogarai suka tare shi a ƙofar fada, ya kwanta a ƙasa yana kururuwa har Sarki ya ji, ya ce a shigo da shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da ma hannun nan aka sare mini, da yau 'ya'yana sun ci tuwo. In sai an yanke shi za a yarda da ni, ga shi, a yanke."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na duba shi, lafiyarsa ƙalau. In muka buɗe wannan ƙofa, kowane rago zai zo yana kakkarwa."

Sarki ya tambayi Tunau sana'arsa. Da ya ji, sai ya ce, "Madalla. Waziri, na ga sumarka ta taru. Cire rawaninka. A kawo aska, lafiyayyen nan ya yi maka aski, ya gyara maka gemu har maƙogwaro."

Aka kawo. Tunau ya karɓa yana hawaye, askar tana tsalle a hannunsa. Ya matso. Da ƙarfen ya kusanci wuyansa, sai Waziri ya zabura ya dafe maƙogwaro, ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan ba ya iyawa!"

Sarki ya juya ga fadawa da attajiran da ke zaune. "Cikinku wa zai ɗauke shi aiki, kowane iri?" Kowa ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Kun ba da shaida. Daga yau ba gaɓoɓin mutum za a ƙirga ba, a duba ko zai iya ciyar da kansa. A ba Tunau rabonsa tun daga ranar da aka kore shi, a tura mai magani ga 'yarsa yanzu."

Yarinyar ta rayu. Washegari kuwa da aka buɗe ƙofar fada, sai ga tsofaffin mayaƙa zaune jingim, waɗanda kunya ta daɗe da ɓoyewa a ɗaka. Waziri da kansa ya shimfiɗa tabarma, ya zauna, ya ce wa na farkonsu, "Faɗa mini abin da ya same ka."