Ɓarawon Gyaɗar Iri

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

A garin namun daji, idan kaka ta yi, kowa yakan hallara ƙofar Biri, sarkin noma, a taya shi ɓarar gyaɗa. Aiki ne mai sa gyangyaɗi, shi ya sa akan ɗora Kurege bisa buhu ya riƙa ba da tatsuniya, kowa ya jefa masa 'yan ƙwayoyi. Kurege kuwa akwai baki, akwai ciki.

Wanda ya jefa da yawa, shi ne jarumin labari. Amma tatsuniya ba ta daɗi sai da ɓarawo, Kurege ya duba ya duba, ya zaɓi tsohuwa Bushiya, don ba ta da abin jefawa, kuma in an taɓa ta sai dai ta dunƙule. Yau Bushiya ta saci ƙwai, gobe Bushiya ta saci zuma. A yi dariya, ita ma ta yi 'yar tata. Har yara suka fara ɓoye abinci in ta gifta.

Shi kuwa gogan, buhun da yake zaune a kai na gyaɗar iri ne. Ya huda shi ta ƙasa, baki na labari, hannu na aiki. Kullum buhu na ramewa, Kurege na ƙiba.

Ran nan Biri ya ɗaga buhu, ya ji shi sakayau. Kafin ya tambaya, taro ya amsa baki ɗaya, “Bushiya ce.” Aka jawo ta tsakiyar fili, aka ce ta bar gari kafin rana ta faɗi.

Biri ya ce, “Kurege, kai ka san halinta. Hau ka ba mu yadda ta yi.”

Kurege ya hau, ya gyara murya. Abu mai sauƙi, ya faɗa ya koma cin abinsa. Sai Bushiya ta ɗago kai ta ce, “Ɗan nan, faɗi abinka. Amma ka bar ni in tauna gyaɗar a hankali a cikin labarin. Tun da haƙorana suka zube ban ƙara jin ɗanɗanonta ba.”

Tausayi ya kama Kurege, abin da bai taɓa kama shi ba, har ya zaci ciwon ciki ne. Ya buɗe baki zai ce Bushiya, sunan ya ƙi fita.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ɓarawon nan wani ne mai dogon wuya.”

Raƙumi ya yi gyaran murya.

“A'a, gajeren wuya gare shi, sai dai dogayen kunnuwa.”

Zomo ya ɗauki taɓarya.

“Ƙananan kunnuwa, ga ƙaho.”

Ɓauna ta daina tauna, ta zuba masa ido.

Kurege ya duba hagu, mai ƙarfi. Ya duba dama, mai ƙarfi. A fili kaf, waɗanda za a ɗora wa sata a kwana lafiya biyu ne, tsohuwa da shi.

Ya ce, “Ɗan ƙarami ne, mai buzu-buzun wutsiya, mai zama bisa buhu.”

Biri ya ce, “Kai ke nan.”

“Ni? Wani kurege ne na can gabas, ko gaisawa ba ma yi.”

Biri ya zabura. Kurege ya ɗaga hannu ya ce, “Ranka ya daɗe, a garin nan wa ya taɓa tashi ba a ce kurunkus ba?” Gaskiya ne, ba a yi. Biri ya koma ya zauna yana huci.

Sai Kurege ya ce bari ya nuna yadda ɓarawon ya yi. Ya sauko daga buhu, haka. Ya ja da baya, haka. Ya ƙara ja da baya, haka. Kowa na zaune yana cizon yatsa, har ya kai bakin raminsa, ya zurma, sannan daga can ciki ya ce, “Kurunkus.”

Kowa ya zabura da sanda, amma sanduna suka sauka a kan ƙasa.

Bushiya ta zauna a gari. Kurege ya rasa buhu, ya rasa masu jefa ƙwaya, ya rame har wutsiya ta fi shi girma. Da yamma sai ga tsohuwa a bakin rami, ita kaɗai.

Ta ce, “Ɗan nan, ba ni wata tatsuniya wadda babu ɓarawo a ciki.”

Ya ce, “Iya, ban iya irinta ba.”

Ta gyara zama ta ce, “Fara. Ina da lokaci.”

Kurunkus kan kurege. Duk wanda zai ji tausayi a tsakiyar labari, ya tabbata ya haƙa rami tun da safe.