Wa Ke Cinye Intanet ɗin Ofis?

Akwai wani mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin jigilar kaya, ana ce masa Dogo. Watansa biyu kacal da kama aiki.

Kullum ƙarfe goma na safe, intanet ɗin ofis sai ya tsaya cak. Manaja ya riga ya yanke hukunci: sakatariya ce, wai fim take kallo. Mace mai riƙe da 'ya'ya uku ita kaɗai. An buga takardar korarta, sa hannun masu kwamfuta kawai ake jira.

Babban injiniya ya buɗe manhajar da ke kama duk saƙon da ke wucewa tsakanin na'urori. Layuka suka zubo, sun fi dubu ɗari. Sai ya rubuta adireshin kwamfutar sakatariya a gurbin tacewa. Komai ya ɓace, saura nata.

Ya ce wa manaja, "Ga ta nan, ranka ya daɗe. Ita kaɗai ce a allo."

Dogo ya ture takardar gefe. "Oga, ai ita kaɗai ka ce a nuna maka. Da adireshin firinta mai buga takardu ka sa, da yau firinta za mu kora."

"Kai ɗan jiya, ni za ka koya wa aiki?"

"Ba zan sa hannu ba. In korar ce, a haɗa da ni."

Manaja ya duba agogo. "Minti biyar. In ba ka nuna min komai ba, takarda biyu za a buga."

Dogo ya goge abin da injiniya ya rubuta, ya jera na'urorin ofis duka, daga mai ci da yawa zuwa mai ci kaɗan. Sakatariya tana can ta goma sha bakwai. Ta farko kuwa ta cinye fiye da rabi. Ita ya tace ya bari a allo, ya juya wa manaja allon.

"Kwamfutarka ce, ranka ya daɗe. Kyamarori takwas take jawowa daga waje. Me ake kallo?"

Manaja ya yi gyaran murya. "Gidan gonata ne. Kaji nake dubawa."

Sakatariya na tsaye bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa. Ta ce, "To Yallaɓai, in koma kujerata, ko kajin ne za su buga wasiƙun yau?"

Ba ta jira amsa ba, ta je ta zauna.

Darasi: In ka tace duniya ka bar mutum ɗaya, dole shi kaɗai za ka gani da laifi. Duba kowa kafin ka nuna yatsa, kuma kada ka sa hannu a kan abin da ba ka tabbatar ba, ko wa ya ɗaure maka fuska. Ku tura wa wanda ke yanke hukunci kafin ya bincika.