Kofunan da ke Ƙarƙashin Gadon Auta

Akwai wani mutum, autan gidansu, wanda ya yi shekaru yana yawon birane yana koyon rubuta manhajar kwamfuta. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya komo gida ya gaji shagon hoton da ke bayan majami'a. Labulen nan mai zanen teku yana nan, haka ma bencin da amare suke zama a kai. Shagon har yanzu yana ƙanshin man gashin Baba.

Sai ya rubuta manhajar gyaran hoto da hannunsa. Da safe takan yi gudu kamar barewa. Da rana ta take, sai ta soma jan ƙafa, kafin yamma kuwa ta sandare. Ya kashe kwamfutar ya kunna, ta warware, an jima ta koma gidan jiya. Ya sayo ƙarin ƙwaƙwalwa ya sa mata. Abin bai warke ba, sai dai ya ɗan jinkirta.

Ana nan sai zumuntar mata suka yi babban taro, suka ba shi ɗaukar hoto, gama tun suna 'yan mata mahaifinsa ne yake ɗaukarsu. Shugabarsu ta ce, “Ɗana, motar ƙauyuka za ta tashi da yamma. In babu hoto a hannunmu, baɗi sai mu nemi wani shagon.”

Bai kai rabi ba, manhajar ta sandare.

Yayarsa Briskila ta shigo da kunun zaƙi, ta same shi ya haɗa kai da gwiwa.

Ya ce, “Yaya, ƙwaƙwalwar cika take yi, ban kuwa san abin da yake cika ta ba.”

Ta yi dariya ta ce, “To, shanye ka ba ni kofina yanzun nan. Na san halinka, Auta. Ka manta ranar da baƙi suka zo Mama ta rasa kofi ko ɗaya? Duk muka kwaso su a ƙarƙashin gadonka, har da mai tururuwa. Wai za ka sāke sha!”

Kofin yana hannunsa, ya juya, ya buɗe wurin da kwamfuta take nuna yawan ƙwaƙwalwar da ake ci. Ya buɗe hoto ɗaya, awon ya hau. Ya rufe hoton, awon bai sauka ba. Ya bi rubutunsa layi layi, sai ga shi: ya koya wa manhajar ta ari wuri domin kowane hoto, amma bai koya mata ta mayar ba. Ya gyara. Direba yana ta danna oda sa'ad da Briskila ta fita da hotunan a bakin zane, shi kuma ya biyo ta da kofin.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Ƙwaƙwalwar ita ce zuciyarku. Hotunan su ne kwanakin da suka wuce: muryar wanda ya rasu, gidan da muka tashi a ciki, maganar da aka faɗa mana ta yi zafi. Kashewa da kunnawa, shi ne sauya gari. Mu da muka gwada mun sani, sauƙinsa na safiya ɗaya ne. Ku lura, mutumin nan bai share hoto ko ɗaya ba. Duk suna nan a ma'ajinsu. Tuna baya ba zunubi ba ne, amma in ka duba ka gama, ka miƙa wa Ubangiji ya ajiye. In ba haka ba, ran da baƙo zai tsaya a ƙofarka, ba za a sami kofin da za a ba shi ruwa ba.